Karatun Zango Ɗaya A Ƙasar Waje: Na 'Yan Mowa Ne Kaɗai?

Akwai wata al'ada da manyan makarantun koyon ciniki na duniya suka daɗe suna yi a tsakaninsu, wadda yawancin talakawan ƙasar nan ba su taɓa jin labarinta ba, kuma ba mu ga alamar masu mulki sun damu da su ji ba. Sunanta musayar ɗalibai. Mutum ya gama digirinsa na farko, ya shiga na biyu a fannin kasuwanci, watau irin wanda ake kira MBA, sai makarantarsa ta aika da shi wata makaranta a wata ƙasa ya yi zango ɗaya na karatu, wata huɗu ko biyar, sa'an nan ya komo gida ya ƙarasa. Ita kuma waccan makaranta ta aiko nata ɗalibin ya zauna a kujerar da wannan ya bari. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan. Kuɗin makaranta kowa a gida yake biyan nasa, ba a karɓar ko anini daga hannun baƙo da sunan kuɗin karatu. Jarrabawar da ya ci a can ana lissafa masa ita a nan, kamar bai taɓa motsawa ba. Takardar digiri kuwa ta makarantarsa ta gida ce.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1973 makarantu uku, watau HEC ta kusa da Paris, da makarantar ciniki ta Jami'ar New York, da ta Landan, suka ƙulla ƙungiyar da ake kira PIM domin wannan aiki, makarantun da suka shiga cikinta kuwa sun haura 60. A 1987 ƙasashen Turai suka mai da abin aikin Gwamnati, suka sa masa suna Erasmus, ya haɗa kowane fannin karatu. A shekarar farko ɗalibai 3,244 suka tafi daga ƙasashe 11. Kuɗin da Tarayyar Turai ta ware wa shirin da rassansa daga 2021 zuwa 2027 ya haura yuro biliyan 26. Mutanen nan dai mun zauna da su shekara sittin, mun san halinsu. Ba a san Bature da zuba kuɗi inda ba ya hangen riba ba.

Abin da ya sa cinikin ya yiwu a tsakaninsu shi ne sun yarda da mudu ɗaya. Kowa ya san ba a awo tsakanin mutum biyu in kowa ya zo da mudunsa. Sai suka ce karatun shekara guda maki 60 ne, na zango ɗaya maki 30, ko a Madrid aka yi shi ko a Warsaw. Kafin ɗalibi ya tashi sai a rubuta takarda, a jera darussan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye a gida, shi ya sa hannu, makarantarsa ta sa, mai masaukinsa ya sa. In ya komo ba wani magatakarda da zai ce masa bai san zancen ba.

Mai karatu zai ce, to, me mutum zai koyo cikin wata huɗu wanda ba zai same shi a littafi ba? Karatun ciniki ba kamar karatun lissafi ba ne. Tun wajen 1920 makarantar ciniki ta Harvard a Amurka ta fito da wata hanyar koyarwa wadda makarantu da yawa suka ara. Ba malami ne zai tsaya yana zuba, ɗalibai suna rubutu ba. Labarin wani kamfani na gaske za a ba su wanda ya shiga matsatsi, ga lissafin kuɗinsa, ga abokan gasarsa, a ce da su, in kai ne manaja me za ka yi ran Litinin da safe? A raba su mutum biyar-biyar ko shida-shida, su kwana suna gardama, gobe su tashi gaban aji su kare shawararsu. To, in abokan gardamarka duk 'yan unguwarku ne, ba abin da wani zai faɗa ya ba ka mamaki. Amma a zaunar da kai da Bajamushe da Ba'indiye da mutumin Sin da na Barazil, a ce maki ɗaya za a ba ku duka, ran nan za ka gane akwai wanda in ya ce "to" ya ɗauki alkawari ke nan, akwai wanda nasa "to" ɗin "na ji" ne kurum. Akwai wanda in ka makara minti goma ya gama yanke maka hukunci, akwai wanda ba ya zancen farashi sai an ci abinci tare. Waɗannan samari da 'yan mata kuwa su ne gobe za su zama manajojin bankuna da na kamfanonin jiragen ruwa da masu sayen riɗi. Lambar wayarsu da ke aljihunka jari ce.

Rashin wannan sani kuwa ba ƙaramar hasara yake jawo mana ba, kuma a kan manomi take faɗawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari a cikinsa fiye da iyakar da dokarsu ta yarda. Aka yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. Iyakar nan a rubuce take, ba a ɓoye ta ba. Abin da muka rasa shi ne isassun mutanen da suka san yadda mai saye yake duba kaya a tashar jirgin ruwansa, da takardun da yake nema, su tsaya tsakanin sito a Dawanau da wancan mai saye. Wake bai yi laifi ba, manomin da ya sha rana bai yi laifi ba.

Kada kuma wani ya ce tafiya neman sanin ciniki baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Kakanninmu sun riga su. Wane ne bai san fataken Gwanja ba? Yaro yakan bi ayari wata da watanni, ya ga yadda madugu ke sasantawa da sarakunan hanya, ya sauka gidan fatoma a Salaga, ya koyi harshen mutanen wurin da ƙidayarsu da irin rantsuwar da suke yarda da ita, ya komo gida ya zama mutum. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ba a zaure ya koyi ciniki ba. Ya yi zama a Akra, ya yi fataucin goro, ya ga yadda jirgin ruwa ke kai kaya Ikko cikin kwanaki alhali ayari yana cin watanni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawan kamfani suka zo neman gyaɗa, sai suka tarar da mutumin da ya riga ya san su. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma.

Masu sarauta da masu mulki kuwa sun daɗe da sanin abin da gajeriyar tafiya ke yi wa ƙwaƙwalwar saurayi, shi ya sa ba su cika sonta ga ɗan talaka ba. A 1945 aka tura malaman makaranta huɗu daga Arewa zuwa Jami'ar Landan karatun shekara guda, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi bayansu. Ba digiri ya je yi ba, bai kuma daɗe ba. Amma ya ga ƙasar da jam'iyyar ma'aikata ke mulki, ya ga lebura yana yi wa Minista tambaya ba tare da ya tuɓe takalmi ba. Ya komo ya haɗa kan malaman makaranta na Arewa, daga baya ya shugabanci NEPU. Sauran labarin kowa ya san shi.

To, jama'a, ina namu rabon a wannan zamani? Makarantar Kasuwanci ta Ikko, wadda ba ta Gwamnati ba ce, ta sami shaidar ƙungiyar AACSB ta Amurka a 2016, irin shaidar da manyan makarantu ke dubawa kafin su yarda su yi musaya da wata. Mun yaba mata. Amma kuɗinta ba na ɗan mai facin keke ba ne. A nan Arewa muna da makarantar kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, muna da ta Jami'ar Bayero, wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gina mata mazauni na fiye da naira biliyan ɗaya aka buɗe a 2018. Malamai masu ilmi akwai su, ɗalibai masu kaifin basira sun cika aji har sun yi yawa. Ba mu ce ba wanda ya taɓa tafiya ba. Tun 2015 Erasmus ya buɗe ƙofa ga ƙasashen da ba na Turai ba, wasu jami'o'inmu sun tsinci 'yan gurabe. Amma kuɗin Turawa ne, sharaɗin Turawa ne, ran da suka ga dama su janye. Tsarin da Gwamnatinmu ta yi da kanta, da kuɗinta, domin ɗalibin jami'ar Gwamnati ya yi zango a waje ya komo, shi ne muke cigiya.

Dalili na farko da ya hana abin tsayuwa ba kuɗi ba ne ma, kwanan wata ne. Makarantar da za ta karɓi baƙo a watan Satumba tana son sunansa tun wajen Maris ko Afrilu, domin ta ware masa kujera da ɗaki, shi kuma ya nemi biza. Tana son ta san ran da ɗalibinta zai sauka wurinka da ran da zai rubuta jarrabawa ya koma. Wace jami'ar Gwamnati ce a ƙasar nan za ta dafa ƙirji ta faɗi wannan wata shida kafin lokaci, in ta tuna abin da ya wuce? A 2013 an rufe jami'o'i fiye da wata biyar. A 2020 an rufe su wata tara, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Sai da wasu jami'o'i suka soke shekara guda sukutum daga lissafi. Aka wayi gari ɗalibi yana zaune a aji cikin 2023 amma takarda tana cewa shekarar karatu ta 2021 yake ciki. Ka rubuta wa shugaban makaranta a Jamus ka yi masa bayanin wannan, ka ga ko zai ba ka amsa.

Muna so a fahimce mu. Ba malaman jami'a muke zargi ba. Gwamnati ce ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyarsu ta ASUU a 2009, sa'an nan aka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa, yau kwamiti, gobe wani kwamitin da zai duba aikin kwamitin jiya. Jam'iyyar da ke mulki a 2013 daban, wadda ke mulki a 2020 da 2022 daban, amma hali ɗaya. Hula kawai suka sauya. Kuma duk tsawon watannin nan da ɗan talaka ke zaune a gida yana gadin shagon babansa, hotunan 'ya'yan manya ba su daina fitowa a Facebook ba, sanye da rigar gama karatu a Ingila da Amurka da Dubai, uba a dama, uwa a hagu, ana murmushi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na biyu, darajar naira. Gaskiya ne ba a biyan kuɗin makaranta a musaya, amma ɗalibi zai ci, zai kama ɗaki, zai hau jirgi. A watan Mayu 2023 dala ɗaya a farashin Gwamnati wajen naira 460 ce. A Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura naira 1,500. Bari mu yi lissafin da ɗan firamare ma zai iya. A 2024 Jamus ta sa ƙa'ida cewa baƙon ɗalibi ya nuna yana da yuro 992 na kowane wata kafin a ba shi biza. A ƙarshen shekarar nan yuro ɗaya ya haura naira 1,600. Watau guzurin wata guda ya tasam ma naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli 2024 kuwa naira 70,000 ne. Ke nan masinja ya yi aiki kusan shekara biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara wa ɗansa guzurin wata ɗaya. A cikin shekarar nan ce Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Nijeriya, har aka ce su bar ƙasar, don kuɗin da suka tanada da naira ya narke a hannunsu kafin lokacin biya ya yi. Ba caca suka yi da shi ba.

Na uku shi ne wanda masu mulki ba su son a ambata. Musaya ciniki ce, in kana son manda sai ka kawo gishiri. In muka aika ɗalibi goma, sai mun karɓi goma. A ina za mu sauke su? A ɗakin kwanan da aka gina wa mutum huɗu, mutum goma ke ciki? A Afrilu 2024 aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu layin da ake kira Band A, jami'o'i suka yi ta kukan ba za su iya biya ba. A Oktoba na shekarar yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ga kuma gwamnatocin Ingila da Amurka sun daɗe suna gargaɗin mutanensu kan shiga jihohi da yawa na Arewa saboda masu satar mutane, makaranta kuwa ba ta tura ɗalibinta inda kamfanin inshora ya ƙi tsaya masa. Ko takardar sakamakon jarrabawa, wadda a wasu ƙasashe ake aikawa cikin yini guda, a nan mutum yakan yi watanni yana sintiri tsakanin ofis da ofis, ana ce masa mai riƙe da mabuɗi ya fita.

To, da Gwamnati ta ga duk wannan, me ta yi? Ta rufe ƙofar da ta rage. A ƙarshen 2024 hukumar TETFund ta sanar da dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga 1 ga Janairu 2025, ta ce kuɗi ya yi yawa kuma wasu in sun tafi ba su komowa. A 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da tsai da tallafin nan na BEA, wanda ake tura yara Rasha da Maroko da Hangari da sauransu, ya ce yawancin abin da suke karantawa akwai shi a gida. Kafin nan ma an riga an zaftare kuɗin abincin yaran daga dala 500 a wata zuwa 220, wannan ɗin ma sai an yi watanni bai zo ba.

Mu ba mu saba ƙin gaskiya don ta fito daga bakin abokin hamayya ba. Lalle tura mutum ya yi digiri sukutum a waje yana da tsada, lalle wasu suna gudu. Mun kuma ga yadda gwamnatocin jihohi ke tura yara da ganga da algaita, Gwamnati ta sauya, wadda ta gaje ta ta ƙi biyan bashi, jami'a ta riƙe takardun yara shekara da shekaru. Amma in ciwon ke nan, ai zango ɗaya shi ne maganinsa, ba rufe ƙofa ba. Kuɗin makaranta, wanda shi ne babban kaya, babu shi. Guzurin da za a kashe wa mutum ɗaya cikin shekara biyu zai ishi mutum biyar ko shida su yi wata huɗu-huɗu. Kuɗin ana biyansa gaba ɗaya kafin a tashi, saboda haka ba gwamnan da zai gaji bashi ya yi fushi da shi. Batun gudu kuwa, ɗalibin musaya ya bar jinginarsa a gida: digirinsa yana hannun jami'arsa, in bai komo ya ƙarasa ba ya tashi a tutar babu. Har wa yau, matar aure mai 'ya'ya da ba za ta iya barin gida shekara biyu ba, wata huɗu abu ne da za a zauna da maigida da iyaye a yi shawara a kansa. Shirin da ya ce sai shekara biyu ya kori yawancin matan Arewa tun kafin a buga takardar nema.

Akwai masu cewa abin nan yawon buɗe ido ne da sunan karatu. Ba su yi ƙarya duka ba. A Turai kanta an san zangon musaya da shagali, wasu makarantu ma ba su lissafa makin da ɗalibi ya ci a waje, sai dai su rubuta ya ci ko ya faɗi, shi kuwa ya mai da kowace Jumma'a ranar hawa jirgi. Wanda ubansa ke biya, ruwansa. Amma wanda talakawa suka biya masa da harajinsu, sai a ɗora masa kaya. A lissafa makinsa ɗaya bayan ɗaya. A ba shi aiki tun daga gida: kai za ka binciko yadda fatar akuyarmu ke shiga masana'antun Italiya da wanda ke cin ribarta, ke za ki binciko dokokin shigar da riɗi Turkiyya. In sun komo su tsaya gaban 'yan kasuwa, ba gaban malamai kaɗai ba, su yi bayani da Hausa, a yi musu tambayoyi. Alhajin da ya yi shekara talatin a Kantin Kwari zai gane wanda ya yi karatu da wanda ya yi yawo kafin shayi ya huce.

Sa'an nan wa ya ce ƙasar waje sai Turai? Wannan ma ragowar tunanin mulkin mallaka ne. Ƙasashe huɗu ne ke iyaka da mu ta ƙasa: Nijar, da Binin, da Chadi, da Kamaru. Duka huɗun suna kashe sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957. Duka huɗun Faransanci ne ke yawo a takardun cinikinsu. Duka huɗun suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokar kasuwanci guda, wadda ake kira OHADA, da aka ƙulla a 1993, ita ce ke faɗin yadda ake kafa kamfani, da yadda ake bin bashi, da yadda ake jingina. Masu digirin MBA nawa ne a Kano da Katsina da Sakkwato suka taɓa buɗe ta? Alhali kuwa kayanmu kullum suna bi ta Maraɗi da Kwatano. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, a shekarar nan kuma aka buɗe cinikin bai-ɗaya na ƙasashen Afirka. Manya sun yi rigimarsu, an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, amma ɗan kasuwa bai daina ƙetarawa ba, sai dai wahalarsa ta ƙaru. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, akwai makarantar CESAG a Dakar wadda ke horar da manajoji da ma'aikatan banki, akwai makarantar kasuwanci ta Jami'ar Gana a Legon. Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza zuwa Gana ko Senegal ko Binin. Zuwa Maraɗi ma ba sai an hau jirgin sama ba. In kuwa za a yi nisa, to a dubi inda atamfar Kwari ke fitowa, a tura yara Sin, su ga masaƙar da ta kashe masaƙun Kaduna da Kano da idonsu.

Da maƙwabtan nan kuma gishirinmu yana da daraja. Ɗalibin Yamai ko na Dakar yana son ya goge Turancinsa, yana son ya san babbar kasuwar da ke kusa da shi. Kano kuwa aji ce da kanta. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500. A Dawanau da Kwari da Singa ana ba da kayan miliyoyi bashi ba takarda ba lauya, sai shaidar dillali da mutuncin maigida, kuma yawanci ana biya. Yadda wannan amana ke aiki, da inda take karyewa, da abin da ke hana irin waɗannan gidajen ciniki rayuwa bayan mai su ya rasu an raba gado, darasi ne da ya isa a rubuta a koyar. Malamanmu na iya rubuta shi in an ba su kuɗin bincike, maimakon a bar su suna koyar da labarin kamfanonin Amurka daga littafin da ya girmi ɗalibai. Wanda ya zo daga maƙwabta ya ga wannan zai ba da labari, daga nan na nesa su fara tambaya.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ba shi da wuyar faɗi. Kuɗin TETFund daga ribar kamfanoni ake tara shi, saboda haka ba rashin adalci ba ne a yanki wani abu a ciki a horar da waɗanda za su riƙe kamfanoni gobe. A ware asusun musaya, a rubuta shi cikin doka yadda Minista ba zai tashi da safe ya soke shi a gaban 'yan jarida ba. Kowace makarantar kasuwanci ta Gwamnati a gyara mata ɗakunan baƙi ko guda ashirin ne, da ruwa da wutar rana. Hukumar jami'o'i ta NUC ta fito da mudun da zai yi daidai da na maƙwabta da na Turai, domin kada yaro ya komo a ce ya maimaita zango. Gwamnati kuma ta cika duk alkawarin da ta sa wa hannu da malamai, don in kalanda ba ta tsaya ba, sauran duk zance ne.

Amma inda muka fi sa ido shi ne wurin zaɓe. Mun san ƙasarmu. Ran da aka ce ga guraben tafiya waje, kafin sanarwa ta iso allon makaranta an riga an raba su a falon wani, wannan na ɗan Kwamishina, wannan na ƙanen matar Sanata, wannan na wanda ya zo da wasiƙa daga fada. Haka aka yi da guraben aiki, haka aka yi da kujerun Hajji na Gwamnati. In haka za a yi, gara a bar kuɗin a sayi alli. Sai a yi jarrabawa a fili, a lika makin kowa, a buga sunayen waɗanda suka ci da ƙananan hukumominsu a jarida, a ware wa mata kasonsu. Wanda ya yi digirinsa na farko a ƙasar waje da kuɗin ubansa ya ga duniya, ya matsa wa wani.

Kafin nan akwai aikin da ba sai mun jira kowa ba. Shugabannin jami'o'i sun sha tafiya ƙasashen waje su komo da hoto suna musafaha da wani Bature, a ce an ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa. Muna roƙon sakatarorin rassan jam'iyya a garuruwan da ke da jami'ar Tarayya su rubuta wa magatakardan jami'a wasiƙa, su yi tambaya uku: yarjejeniya nawa aka sa wa hannu da makarantun waje cikin shekara goma da suka wuce, ɗalibin kasuwanci nawa ya tafi ta hanyarsu, kuma ta yaya aka zaɓe shi. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. A riƙe kwafin wasiƙa, a sa a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata. Amsar da aka samu a aiko mana, za mu buga ta a wannan shafi yadda take. Jami'ar da ta yi shiru ita ma za mu buga sunanta, da yawan kwanakin da wasiƙa ta yi a ofishinta.